Masu motocin Difa, ku daina rowar sarƙar taimin



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a garejojin Difa, tun daga cikin gari har rumfunan gyara na bakin kwalta ta wajen Asaga: "Ai duk sarƙa sarƙa ce, duk China ke yin su." Mai mota ne ke faɗi, mai shagon piyes ya gyaɗa kai, makanike ya yi gum tunda ba aljihunsa za a taɓa ba. To ni dai na ce wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai tsada, domin ba mai faɗinta kaɗai ke biyan kuɗinta ba.

Kada wani ya ce mini wannan zancen ƴan gareji ne, mene ne haɗinsa da shafin labaran al'umma. Ku tuna inda muka fito. Bayan hare-haren Bosso da Difa na 6 ga Fabrairu 2015 aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana yawo da babur, aka kwashe shekaru a haka. Abin da ɗan kabu-kabu yake yi a da, na kai mai naƙuda likita, na kai manomi bakin Komadugu, na kawo buhu biyu kasuwa, duk sai ya koma wuyan mota. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser da ƴan ƙananan motocin haya su suka ɗauki garin nan a kai. Da aka ɗage haramcin cinikin tattasai a 2017, su ɗin dai ne suka koma kwasar buhuna daga gonakin Asaga da Gueskérou da Chétimari. Saboda haka lafiyar injin motar haya a jihar nan magana ce ta kowa, har wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Bari mu fara da abin da sarƙar ke yi, domin da yawa cikin masu ciniki a kanta ba su taɓa ganinta a wurin aikinta ba. A ƙasan inji akwai babban ƙarfen da fistin ke juyawa, wanda ake ce wa karanshaf. A sama kuma akwai kamshaf, shi ke buɗe bawul ya rufe, don iska da mai su shiga, hayaƙi ya fita. Sarƙar taimin ita ke haɗa su biyun, ta sa na ƙasa ya yi juyi biyu, na sama ya yi ɗaya, ba ƙari ba ragi. Injin da ke juyi 3000 a minti ɗaya, cikin awa guda giyar ƙasa ta ja sarƙar nan juyi 180,000. Daga Difa zuwa Damagaram kuwa kowa ya san awa nawa ake yi, sai ku yi lissafin da kanku. Fistin na hawa, bawul na sauka, wuri ɗaya suke bi, lokaci ne kawai ke raba su. Ranar da sarƙa ta tsinke ko ta tsallake haƙora, a injuna da yawa fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi, wani lokacin har kan injin ya tsage. A injin gazuwal ma abin ya fi muni, domin sararin da ke tsakaninsu ɗan kaɗan ne.

Yanzu ku dubi abin da mai mota ke yi in lokacin girbin tattasai ya kusato. Zai kai mota gareji ya ce: "Maigida, so nake ka tada mini injin nan ya dawo sabo, ya yi ƙarfi, ya ci rairayi da lodi." Ba ya jin ciwon kuɗin fistin da ringi. Zai biya a gyara silinda, a kai kan injin wurin masu goge shi, a sa sabon gasket, har fenti sai ya sa an fesa wa murfin inji don masu kallo a tasha. Sai an zo kan sarƙa, nan ne hannunsa ke maƙalewa a aljihu. Ko dai ya ce a mayar da tsohuwar "ai ba ta tsinke ba", ko ya aiki yaron mota ya sayo wadda ta fi kowace araha, ita kaɗai tilo, babu giyoyinta, babu tenshina, babu robobin da take bi a kansu. Wallahi wannan shi ne mutum ya gina ɗaki da siminti ya ɗaure ƙofar da zaren tsumma.

Abin da bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai, shi ne duk gyaran da ya yi don ƙarfi nauyi ya ƙara wa sarƙar. Ɗauki gugar kan inji kawai. A injin da kamshaf ke sama, in aka rage kaurin kan, kamshaf ya matso kusa da karanshaf ke nan, tazarar da sarƙa ke cikewa ta ragu. Sarƙa sai ta ƙara saki, tenshina ya ƙara fitowa don ya ɗaure ta, lokacin buɗe bawul kuma ya ɗan ja baya. In sarƙar sabuwa ce mai kyau, tenshina zai iya da ita. In kuwa tsohuwa ce da ta riga ta saki, ko sabuwa ce ta jabu da za ta saki cikin ƴan watanni, to an haɗa saki biyu wuri ɗaya. Ga kan da an riga an goge shi sau biyu ko uku a hannun masu shi na baya, ba wanda ya rubuta, ba wanda ya auna. Sannan a ɗora wa motar lodi har sama da ƙarfen bodi, a shiga rairayi da giya ɗaya ko biyu, inji na kuka kamar zai fashe, a saki totur a sake dannawa. Kowane saki da dannawa fizga ce a jikin sarƙa.

Mutane na cewa sarƙa ta miƙe, kamar roba ce. Ƙarfen ba ya miƙewa. Ƴan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓin ne ke cinyewa tare da ramukansu, kowace gaɓa ta samu ɗan wasa da ido ba ya gani. Mu ɗauka kowace ta ci rabin kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ba komai ba ne, ko? To sarƙar da ke da gaɓa kusan ɗari, in ka tara, ta ƙaru da kusan milimita 5. Nan ne bambancin sarƙar kirki da ta banza yake: a ƙarfen ƙusoshin da yadda aka gasa su suka yi tauri. Wannan kuwa ba a ganinsa a kwali, ba a jinsa a hannu. Duka biyun suna ƙyalli a shago. Shi ya sa mai cewa "na duba, iri ɗaya ne" bai duba komai ba. Kuma ba sai sarƙa ta tsinke take yin ɓarna ba. A injin da giyar sama ke da haƙori 36, tsallaken haƙori ɗaya tak daidai yake da digiri 20 a juyin karanshaf. Mota za ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan mai kamar rijiya, ta yi wuyar tashi da safe, mai ita ya yi ta canza fulogi yana zagin kafireto, alhali ciwon na bayan murfin gaba.

Injin 22R na tsofaffin Hilux masu shan esansi, waɗanda har yau suke aiki a ƙasashen nan, ya ishe mu misali. Na farko-farko sarƙarsu mai layi biyu ce. Daga wajen 1983 kamfanin ya koma sarƙa mai layi ɗaya da madogarai na roba. Duk makaniken da ya daɗe a kan injin nan ya san yadda labarin ke ƙarewa: sarƙa ta saki, ta yi ta dukan robar har ta karye ta faɗa cikin kaskon mai, daga nan sarƙar ta fara cin murfin gaba na alminiyam. Bayan murfin nan kuwa hanyar ruwa ce. Ranar da ta huda shi, ruwan lagireto ya gauraye da baƙin mai, mai ya koma kamar shayi da madara, metal na ƙasa su tafi. Injin da aka kashe dukiya a kansa ya mutu ta dalilin ƴar roba da ba ta kai tsawon tafin hannu biyu ba. Akwai madogarai masu bayan ƙarfe da ake yi wa wannan injin, kuma duk mai niyyar wahalar da motarsa a rairayi su ya kamata ya nema. Haka kuma sarƙar injunan kafin 1985 da ta bayan 1985 ba tsawonsu ɗaya ba, domin an rage tsayin bulok ɗin. Amma ka je shago ka ce sarƙar 22R, ba mai tambayarka ta wace shekara, miƙo maka kawai za a yi.

Littafin gyara na kamfanin ma ya faɗi yadda ake gane sarƙar da ta gama aiki a wannan injin: a ja ta ta miƙe, a auna gaɓa 17, in ta wuce milimita 147 a jefar, kuma a auna a wurare daban-daban, ba wuri ɗaya ba. Abin awon ba tsada gare shi ba. Gareji nawa ne a Difa ake yin wannan awon? Galibi dai a ɗaga sarƙa a girgiza, a ce "da sauranta."

Na san amsar da za a ba ni, domin ita ake bayarwa kullum: babu kuɗi. Ban raina wannan ba. Kayan gyaranmu yawanci ta Najeriya suke shigowa, daga kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, kuma hanyar ta sha wahala. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Najeriya ta cire tallafin mai a Mayu 2023, kuɗin ɗauko kaya ya hau. Mai mota a nan ga kuɗin mai, ga na takardu, ga na hanya, ga iyali, ga ƴan uwa da rikici ya raba da gonakinsu suna zaune a wuyansa. Duk gaskiya ne. Amma wannan hujja ce a kaina ko a kanku? Mai kuɗi in injinsa ya mutu gobe zai ɗora wani. Wanda motarsa ɗaya ce, kuma da bashi ya tada ta, shi ne bai da halin buɗe inji sau biyu. Kuɗin aikin kwance gaban inji ɗaya ne, ko sarƙar kirki aka sa ko ta banza. Gasket da man da za a zubar ɗaya ne. Kwanakin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo ko dala ba, su ma ɗaya ne. Bambancin kuɗin sarƙoƙin biyu shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin gaba ɗaya, amma a kansa ake tada jijiyar wuya. Garin neman gira a rasa ido ke nan. In kuɗin bai kai ba, a fasa fentin, a fasa sabon rediyo da fitilun ado, a sayi saitin sarƙa cikakke.

Zancen "duk China ke yi" kuwa rabin gaskiya ne, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya illa. E, China na yi. Manyan kamfanonin sarƙa na duniya, irin su Tsubaki na Japan, suna da masana'antu a can, kayansu kuma na shiga sabbin motoci. A ƙasar dai kuma akwai masu yi maka sarƙa daidai kuɗin da ka ce za ka biya. Ɗan kasuwar da ya yi oda shi ke zaɓar wacce za a loda masa, shi kuma ya san mu nan ƙasa abin da muke tambaya shi ne "nawa?", ba "wacce?" ba. Mu muka koya musu abin da za su kawo mana. Sannan kwali ba shaida ba ne. Ana buga sunan Toyota da na sauran kamfanoni a kan kwalin jabu, har da ɗan tambari mai walƙiya. Abin da ya rage wa mai saye shi ne amanar mai shago.

A nan nake da magana da ku, masu shagunan piyes. Kun san darajar kayanku. Kun san wanda kuka saro a matsayin na ɗaya, da na biyu, da wanda ku kanku ba za ku sa a motarku ba. Sayar da mai araha ba laifi ba ne, in ka ce wa mutum ga abin da yake, ya ɗauka da saninsa. Laifin shi ne ka karɓi kuɗin na ɗaya ka miƙa na uku, ka bi da rantsuwa. Dukanmu mun san hukuncin algus a addini, ba sai na ja aya ba. Wanda ya zuba wa tattasai ruwa don ya yi nauyi, kasuwa gaba ɗaya za ta taso masa. Me ya sa wanda ya sayar da sarƙar jabu da sunan orijina yake zaune lafiya, har a ce masa ya iya kasuwa?

Ku ma makanikai ba ku fita ba. Akwai na kirki a cikinku, waɗanda in mai mota ya kawo kayan banza za su ce "Alhaji, ni ba zan ɗaura wannan ba, ka kai wani wuri." Allah ya ƙara mana irinsu. Amma akwai mai karɓar kuɗin saiti cikakke ya canza sarƙa kaɗai, ya wanke tsofaffin giyoyi da esansi ya mayar. Sabuwar sarƙa a kan haƙoran da suka cinye ba ta daɗewa, domin haƙoran sun riga sun ɗauki siffar tsohuwar, za su cinye sabuwar su mai da ita irinta. Akwai mai cusa wani abu a bayan tenshina don ƙarar ta ɗauke na sati biyu, mota ta bar garejinsa shiru. Akwai wanda ke da kaso a shagon da yake tura ka. Akwai kuma, wannan ya fi ba ni haushi, mai ce wa manomi "taimin cen" na injin ban ruwansa ya lalace. Jama'a, ƙananan injunan ban ruwa da ke jere a bakin Komadugu, irin Honda GX160 da kwafinsu na China, ba su da sarƙar taimin. Giya ce ke cizon giya a ciki. Duk wanda ya karɓi kuɗin sarƙa a kan irin wannan injin, kuɗin abin da babu ya karɓa.

Tunda mun zo nan, mai mota ya kamata ya san abin da ke cikin tasa motar. Ba kowace ke da sarƙa ba. Hilux masu gazuwal na da, masu injin 2L da 3L da 5L, bel ne gare su. Land Cruiser mai injin 1HZ shi ma bel ne ke juya kamshaf ɗinsa. Bel kuwa ba ya gargaɗi irin na sarƙa, ba ya ƙara, tsinkewa kawai yake yi, shi ya sa kamfani ya sa masa wa'adi, wajen kilomita 100,000 a waɗancan injunan, har da ƴar fitila a gaban direba mai tuna masa. Mu kuma sai mu cire ƙwan fitilar don ta daina damunmu, ga agogon kilomita ya mutu tun zamanin mai motar na farko. Sabbin Hilux masu gazuwal da suka fara fitowa daga 2015 an mayar da yawancinsu kan sarƙa, don haka wannan magana ba ta tsofaffin motoci kaɗai ba ce, tana nan tafe ga masu sabbin ma.

Sai baƙin mai. Ko sarƙar zinariya ka sa, in man banza ne a injin, ka yi asara. Sarƙa cikin mai take wanka, tenshina kuma a yawancin injunan nan da ƙarfin mai yake turawa. Ƙasarmu ta rairayi ce da ƙurar hunturu. Filtar iska in ta yage, ko aka bar ta ana bugawa a taya ana mayarwa shekara da shekaru, ƙura za ta shiga mai ta zama kamar garin wasa wuƙa a tsakanin ƙusoshin sarƙa. A haɗa da man kwalba na bakin hanya wanda ba a san asalinsa ba, da juyen da ba a yi sai mai ya koma kamar kwalta. Ƙarar nan ta kacau-kacau da kake ji da safe in ka tada mota, ta ɗauke bayan ƴan daƙiƙu, sarƙa ce ke gaya maka ta fara saki ko tenshina ba ya samun mai da wuri. Direbobi da yawa rediyo suke ƙara wa murya.

Wani zai ce to motarsa ce, in ya ga dama ya sa igiya, ina ruwanka? Da a ce shi kaɗai ke ciki, da ban ɗauki biro ba. Amma mota in ta mutu a tsakanin Difa da N'Guigmi, ko a cikin rairayin da ke gangarawa bakin kogi da yamma ta yi, ba irin mutuwar mota a tsakiyar Yamai ba ce, inda za ka tsallaka titi ka tari tasi. Duk ɗan jihar nan ya san abin da ake nufi da dare ya riske ka a wasu wurare, ba sai na fassara ba. A cikin motar akwai mata da goyo, akwai tsoho mai zuwa ganin likita. A samanta akwai buhunan manomin da ya ci bashin taki da na man ban ruwa tun damina, yana jiran ranar kasuwa ya sayar ya biya. In ya rasa kasuwar ranar, mai bashi ba ya jin labarin sarƙa. Wannan manomin bai je shago ba, bai yi ciniki ba, ba a tambaye shi ba, amma shi ya biya bambancin da mai mota ya ce ya tsira da shi.

Shi ya sa nake ganin shugabannin sandikan direbobi da na makanikai da ke garin nan suna da aiki a gabansu, kuma ba aikin da ke jiran gwamna ko wata ƙungiyar agaji ba ne. Kuna da ikon hana mota lodi in ba ta biya kuɗin layi ba, kuna da ikon sasanta rikicin direba da fasinja. To ku zauna da masu shaguna a yarda a kan abu ɗaya: kowace sarƙa da bel a rubuta darajarsu da sunan shago a takardar ciniki, in ta mutu cikin ɗan lokaci a san ƙofar da za a buga. Ba wani sabon abu ba ne, mai sayar da salula ma yana ba da takarda.

Kai kuma mai mota, kafin su zauna, ranar da za a rufe gaban injinka ka je garejin da ƙafarka, kada ka aiki yaro. Ka ce a nuna maka makin taimin na sama da na ƙasa sun hau daidai, a juya injin da hannu juyi biyu a gabanka kafin a sa masa makulli. Sannan ka ce a zuba maka tsofaffin kayan a leda ka tafi da su: sarƙa, giya biyu, tenshina, da madogarai biyu. In aka miƙo maka sarƙa ita kaɗai, ka tambayi inda sauran suke.